Ƙarfen Sirdin da Na Saya wa Baba

Wata shida mahaifina ya yi ba ya iya fitsari da kansa, kuma ni na jawo masa. Na daɗe ina juya maganar nan kafin in iya rubuta ta, don a gidanmu ba a haɗa sunan Baba da irin wannan kalma a baki ɗaya. Amma har yau ina wucewa ta gaban masu gyaran keke ina ganin ana naɗa gwangwani a ƙarfen sirdi, mai keke yana tsaye yana cewa a ƙara ɗagawa. Shi ya sa na ce bari in faɗa, ko Allah zai sa wani ya tsira.

Ni ne ɗan fari. Kakanmu daga Haɗeja ya zo Gashuwa fataucin hatsi, ya taho da kunyar gidansu gaba ɗaya, bai yar da ko kaɗan a hanya ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo Hajja, yayar Baba, a Nguru. A can na girma, a can na zama malamin firamare. Baba bai taɓa kiran sunana ba, in ta kama dole sai ya ce “na Nguru”. Inna ma ta fi shi, ina shiga tsakar gida za ta tuna tana da aiki a madafi. Ƙannena huɗu duk mata ne, kowacce tana gidan mijinta. Saboda haka da ciwo ya zo, namijin da zai zauna da Baba a asibiti ni kaɗai ne, wato wanda ba ya iya yi wa magana.

Baba dogo ne sosai, yana da gonar albasa a fadama da wani baƙin keke da ya girme ni. A wani hutu, wajen ƙarshen shekarun casa'in, na hango shi yana dawowa daga gona, gwiwoyinsa suna neman taɓa hannun keken. Abin ya ba ni tausayi. Da na koma Nguru aka biya mu albashi, sai na shiga kasuwa na sayi sabon ƙarfen sirdi, wato bututun nan da sirdi yake zama a kansa, ana zura gindinsa a cikin jikin keken. Ban je da tsohon ba, ban auna komai ba. Na ga yana ƙyalli, na saya.

Ranar Asabar na kai keken wajen wani mai gyara kusa da tasha a Gashuwa. Yana zura ƙarfen sai ya shige sululu har wuya, ashe ya fi ramin siranta. Mai gyara bai damu ba, ya yanko gwangwanin tumatir ya naɗe shi, ya cusa. Na ce ya ɗaga. Ya ɗaga. Na ce ya ƙara.

Ya ce, “Malam, ka ga wannan layin da aka zana a jikinsa? Ba a wuce shi. Abin da ya rage a ciki bai kai yatsa biyu ba fa.”

Na ce, “Na fi ka sanin tsawon ubana. Ɗaure kawai.”

Ya ɗaure. Na tura keken gida na jingine shi a zaure inda Baba yake ajiye shi, ban ce wa kowa komai ba, shi ma bai ce ba. Na koma Nguru ina jin na yi abin kai.

Bayan kamar sati uku wani direba ya tsaya a ƙofar makarantarmu ya ce an ce in gaya maka Baba ba ya jin daɗi. Lokacin babu wayar hannu, saƙo sai ta bakin direba. Muka shiga mota ni da Gwaggo. Na tarar da Baba a kishingiɗe a gefe ɗaya, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Wai zazzaɓi ne.

Ga yadda labarin ciwon yake isowa gare ni. Baba zai gaya wa Inna rabi. Inna ta gaya wa Gwaggo rabin wannan rabin. Gwaggo, da yake ita ba ta jin kunyata, sai ta cike gurbin da nata tunanin ta kawo mini. Ni kuma in kai wa mai magani. Abin da ya iso kunnena a satin farko shi ne akwai jini a fitsari. To, a Gashuwa wa zai tsorata da wannan? Duk wanda ya yi wanka a kogi yana yaro ya san tsargiya. Mai kemis bai ma bari na gama bayani ba ya ƙirgo mini ƙwayoyi. Ban tambayi kaina yadda aka yi dattijo ɗan sittin ya kwaso ciwon yara ba. Na lura dai keken ba ya zaure, Gwaggo ta ce wai yana wajen Ba Modu, aminin Baba, ya ara.

A sati na biyu jinin ya tsaya. Muka yi ta godiya ga Allah, Gwaggo tana cewa jiƙon sabarar da ta ba shi ne, ni ina cewa ƙwayar kemis ce. Har musu muka yi a mota a kan wanda ya warkar da shi.

Sati na biyar aka sake aiko direba. Yanzu kuma wai Baba in ya shiga bayi sai ya daɗe, har a tayar da salla a idar bai fito ba. Mutumin da shekara talatin ba a san sahun farko na masallacin unguwa ba shi ba. Ya daina shan ruwa sai ya kurɓa, don kada ya ji fitsari. Ya rame, leɓensa ya bushe. Nan fa masu dubiya suka fara ambaton kalmar da kowa yake tsoro a garin nan, ƙoda. Mun binne mutane da yawa da wannan ciwo, kowa yana da wanda zai ba ka labarinsa. Wani ya ce ruwan rijiya ne. Wata ta ce a jiƙa kanwa. Mijin ƙanwata ya taso tun daga Jakusko da saiwoyi a buhu. Gwaggo ta ja ni gefe ta ce ita dai ba ta yarda da maƙwabcin gonarsa ba, tun bara yake yaba albasar Baba fiye da kima. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ni mai ilimin boko ina tsaye a tsakiya, duk wanda ya yi magana sai in ji kamar shi ne mai gaskiya. Wallahi kaina ya ɗaure, har na rasa wanne ciwon muke magani.

Sati na shida na lallaɓa Ba Modu ya lallashi Baba, muka kawo shi wani asibiti a Nguru. Tun hantsi muke kan benci, ba mu ga likita ba sai bayan Azahar. Aka ɗebi jini, aka ce mu dawo jibi. Muka dawo, aka ce ƙoda lafiya lau. Maimakon in yi murna sai na ƙara rikicewa, don da ƙodar ce aƙalla mun san sunan abin.

Likitan saurayi ne ɗan kudu mai bautar ƙasa, ba ya jin Hausa, sai ni na zama tafinta. Yaron kirki ne, ya yi tambayoyin da suka kamata. A wajena aka samu matsala. Ya ce in tambayi Baba ko ya taɓa ɗaukar ciwo a wajen mace. Na dubi Baba, na dubi ƙasa, na ce, “Wai ko ana iya cin abinci?” Baba ya ce, “Kaɗan-kaɗan.” Na juya na ce wa likita a'a. Ya ce in tambaye shi ko wani abu ya taɓa bugunsa a tsakanin ƙafafu. Na ce, “Wai ko an yi hatsarin mota kwanan nan?” Baba ya ce, “A'a.” Gaskiya ya faɗa. Likita ya ce yana so ya duba wurin, Baba ya riƙe mazagin wandonsa ya ce shi lafiyarsa ƙalau a nan. Ina tsaye a kansa, ta yaya zai yarda? Ni kuma ko a raina bai zo ba cewa in fita. Aka rubuta mana maganin tsufa, wai maza in sun manyanta hanyar takan matse. Muka sayar da buhunan albasar da ya ajiye don iri muka saya.

Ranar wata Talata a sati na takwas, ina cikin aji, Ba Modu da kansa ya zo. Ya ce suna asibiti, tun jiya da la'asar ko ɗigo bai fita ba. Na tarar da marar Baba ta kumbura ta yi tauri, yana cije da gefen rawaninsa don kada a ji nishinsa. Aka gwada zura roba ta hanyar fitsarin, ta ƙi wucewa. Aka gwada ƙarama, ita ma ta ƙi. Daga ƙarshe suka huda masa ƙasan cibiya suka sa robar ta nan, aka ɗaura mata leda. Ina gani fuskarsa ta saki, har barci ya ɗauke shi. Na gode wa mutanen nan har yau, ko da yake sai da na yi zarya uku zuwa kemis ɗin waje kafin a taɓa shi, komai sai ka sayo, har safar hannu.

Ni nake juye ledar. Babu wani. In na zo da roba zan juye, Baba ya juya fuska bango, ni ma in kawar da kai, har wata rana na zubar a ƙafata saboda ba na kallon abin da nake yi. Kwana uku muna haka.

A ɗakin akwai wani dattijon malamin asibiti, mutumin Karasuwa, mai faɗa kamar me. Rana ta huɗu ya tsaya yana kallonmu, sai ya ce mini, “Kai, me kake a wajensa?”

Na ce, “Ɗansa ne.”

“Na fari?”

Na ce e.

Ya ce, “Kuma kai ka yi masa tafinta? Innalillahi. Fita waje, kada ka dawo sai na kira ka.”

Ko minti goma bai yi ba ya fito, ya wuce ni ya nufi ofishin likita. Da ya dawo ya tsaya a gabana ya ce, “Faɗuwa ya yi a keke, sandar tsakiya ta buge shi a ƙasa. Wata biyu ke nan. Hanyar ta tsage, da ta zo warkewa sai tabon ya toshe ta. Da kun faɗa tun farko da ba a yi ta ba shi maganin da ba nasa ba.” Likita ya kira abin da wani suna, sitirikca, na rubuta a bayan katin don kada in manta. Ya ce sai an yi aiki a Kano, kuma sai wurin ya huce, wata huɗu ko biyar.

Ko a lokacin ban gane ba. Na ɗauka rami ya faɗa, ko akuya ta gifta masa. Sai da aka sallame mu na je gidan Ba Modu na ce ina son ganin keken. Ya yi ta kewaye-kewaye, wai yana wajen gyara, wai ɗan'uwansa ya tafi da shi ƙauye. Na zauna na ƙi tashi. Ya gaji ya kai ni bayan rumbu ya yaye wata tsohuwar tabarma.

Sirdin yana rataye a hannun keken da igiya, ƙarfena yana manne da shi, har yanzu yana ƙyalli. Bakin ramin da ake zura shi ya yage ta baya. Gwangwanin tumatir ɗin yana nan a maƙale, ya lanƙwashe. Ba Modu ya ce a kan gaɓar fadama ne, da buhun albasa a baya, tayar ta faɗa wani ɗan kwari, ƙarfen ya fizge ya fita, Baba ya sauko da nauyinsa duka a kan sanda. Shi ya tsince shi, kuma Baba ya sa shi rantsuwa ba zai faɗa ba.

Na zauna a ƙasa kusa da keken. Daga baya na bi masu gyaran da suka san aikinsu ina tambaya, kamar zai amfane ni da wani abu. Duk bakinsu ɗaya. In za ka sayi ƙarfen sirdi ka je da tsohon, ko ka je da keken, don kaurinsu ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya yi daidai shi ne wanda yake shiga da ɗan tauri ba tare da an naɗa masa komai ba. Layin da ke jikinsa dole ya ɓuya a cikin ramin. In babu layi, a bar aƙalla yatsa huɗu a ciki. In mutum dogo ne a nemo dogon ƙarfe, in ba a samu ba keken ne ya yi masa kaɗan. Abin da mai gyaran tasha ya gaya mini ke nan a taƙaice, na ce na fi shi sani.

Watannin jiran nan su suka fi komai wuya. Baba ya koma gida da leda a ƙarƙashin babbar riga, ya daina zuwa masallaci. Liman ya zo har gida ya gaya masa mai lalura sallarsa ta yi, ya zo ya shiga sahu. Baba ya ce ya ji, amma shi ba zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da mutane yana ɗauke da najasa ba. In an kira salla sai ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Inna ta gaya wa Gwaggo, Gwaggo ta gaya mini, cewa ya ce in haka zai ƙare gara Allah ya ɗauke shi. Duk wata ina kai shi Nguru a canza robar. Sau biyu zazzaɓi mai zafi ya kama shi saboda ita. Aka jinginar da gonar. Ni kuwa kullum ina shirya yadda zan ce masa ni ne, in na zo gabansa sai in gaishe shi in tashi. Ban ma san me yake tunani ba. Ya san ƙarfen ne? Yana fushi da ni? Ko ya ɗauka tsautsayi ne kawai? Fuskar da yake nuna mini ita ce wadda na sani tun ina yaro, babu abin da zan karanta a ciki.

A wata na biyar muka tafi Kano, ni da shi da Ba Modu. Wannan karon na yi hankali, duk lokacin da likita ya shigo sai in fita, Ba Modu ya zauna. Sau biyu ana ɗaga ranar aiki, muna kwana a barandar asibiti. Da aka yi, aka bar masa wata robar ta hanyar da aka gyara, aka ce sai bayan sati uku za a cire a gani. Likitan bai ɓoye mana ba, ya ce wani yana yi, wani kuma hanyar takan sake toshewa, sai dai ya ci gaba da leda.

Ranar da aka cire, da safe ne. Aka toshe robar ƙasan cibiyar, aka ba mu jarkar ruwa aka ce ya yi ta sha har sai ya ji ya matsu, sannan ya je ya gwada. Muka zauna a benci a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya kusa da bayin maza, Ba Modu a tsakiya. Baba yana sha, muna jira. Na ga in ban faɗa yanzu ba, in abin bai yi ba, ba zan taɓa iya faɗa ba.

Na dubi Ba Modu na ce, “Ba Modu, ƙarfen nan ni na sa aka ɗaga shi ya wuce layi. Mai gyara ya hana ni, na ƙi ji. Kuma tambayoyin likitan Nguru ba su na faɗa ba, canzawa na yi.”

Baba ya ajiye kofi, shi ma ya dubi Ba Modu.

Ya ce, “Modu, tun ranar da na fara hawa na ji sirdin yana rawa. Na leƙa na ga gwangwanin.”

Ba Modu ya ce, “To kai da kake da sifana a gida, me ya hana ka sauke shi?”

Baba ya ce, “In ya zo hutu ya ga na sauke, zai ce ban yaba ba. Ni kuma ba ni da bakin da zan ce masa na yaba. Hawan shi ne kawai abin da zan iya.”

Na sunkuyar da kai, hawaye yana zuba a kan gwiwata. Har yau in na tuna ban san wa zan ba laifi ba, ni, ko shi, ko wannan kunya da muka gada muke taƙama da ita. Na so shi a wannan lokacin fiye da kullum, kuma na ji haushinsa, duka a lokaci ɗaya.

Bayan kamar rabin awa ya miƙe ya ɗauki buta. Bisa al'ada kamata ya yi in tashi in yi nisa. Ban tashi ba, Ba Modu ma bai kore ni ba. Ƙofar bayin ta langa-langa ce, ana jin komai. Da farko shiru. Shirun ya yi tsawo har Ba Modu ya fara jan carbi da sauri. Sai muka ji ɗigo, ya tsaya, sannan ya zubo da ƙarfi, ya yi ta zuba bai yanke ba. Ba Modu ya riƙe hannuna ya matse. Ni, malamin makaranta mai shekara talatin da biyu, ina zaune ina sauraron fitsarin ubana ina kuka kamar an yi mini bushara.

Ya fito bai dubi kowa ba. Ya je famfo ya cika butar, ya tsuguna ya yi alwala a hankali, gaɓa bayan gaɓa. Da ya gama ya gyara rawaninsa ya ce, “Modu, tambayi mai gadin can ko sun yi Azahar a masallacinsu. In ba su yi ba mu hanzarta, kada sahun gaba ya cika.”